Ku Tambayi Inna: Wai sai na koma jami'a kafin in riƙe jardan?

Assalamu alaikum ƴan uwa masu karatu. Wanga wata saƙonnin da sunka shigo kusan duka kan abu guda ne, karatun gaba ga masu aikin jardan, makarantar ƙananan yara kafin firamare, ban sani ba ko don rantire, lokacin komawa makaranta, ta matso ne kowa ya fara lissafin rayuwa tai. Na zaɓi huɗu, sauran ku yi haƙuri, amsarku tana ciki in kun karanta da natsuwa.

TAMBAYA TA FARKO

Inna ina wuni, ya jikoki. Ni malama ce a wani jardan nan unguwar Zariya shekara ta bakwai kenan ina aiki, birbe gareni na shiga ENI, makarantar horon malamai, na fito, daga baya na yi bak ina da goyo, Allah ya taimaka na samu. To Inna direktiris ɗinmu ta kusa ritaya kuma kusan komi ni ka yi mata, rajista, taron uwaye, har lissahin kuɗɗin kwamiti, amma ranar da anka zo zancen wa za ya gaje ta sai naji ana cewa takardata ba ta kai ba. Abin ya ci min rai wallahi. Ina son in ƙara karatu amma ban san ina zan dosa ba, kuma maigidana cewa yake wai miye abin zuwa jami'a don wasa da ƴan yara masu majina. Don Allah ki ban shawara.
Ɗiyarki daga Zariya, Maradi

AMSA

Lahiya lau ɗiyata, jikoki suna nan suna ta ɓarna. Bari in fara da maigidan naki tunda shi ne ƙofa, in ba a buɗe ta ba duk sauran zancen banza ne. Kada ki yi mai gardama, kuma kada ki ce mai Inna ta ce. Ki samu ranar da ya ci ya ƙoshi ki ba shi labarin nan: a ƙasar Jamaika cikin shekarun 1986 da 1987 likitoci sun ɗauki yara 129 waɗanda rashin abinci ya tsumbure su, wasu daga cikinsu anka riƙa aika ma'aikaciyar lahiya gidansu sau ɗaya a sati har shekara biyu, ba komi take yi ba illa ta zamna da uwa da ɗa tana nuna yadda ake wasa da yaro ana yi mai magana, da kayan wasan da anka haɗa da tarkacen gida. Bayan shekara 20 anka bi sawunsu, sai anka tarar waɗanda anka yi wa wasan nan abin da suke samu ya ɗara na ƴan uwansu da wajen kashi 25 cikin ɗari. Wasa hwa. In maigidanki ɗan kasuwa ne, kuma a Maradi wa ya rasa jinin kasuwa, ki tambaye shi wace haja ce ke ba da riba haka. Akwai ma wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, James Heckman, da ya ci kyautar Nobel a 2000, ya daɗe yana lissafi kan irin wanga aiki yana nuna kuɗɗin da anka zuba ma yaro kafin ya shiga firamare ya fi dawowa da riba bisa wanda za a zuba daga baya ana gyaran abin da ya lalace. Mu dai tun kakanni mun san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su sun zo sun sa mai lamba ne kawai.

To yanzu ke. Hanya biyu ce a gabanki kuma ba wuri guda suke kaiwa ba, nan ne mutane da yawa ke ɓata shekaru.

Ta farko hanyar cikin gida ce, ta ma'aikatar ilimi. Ki tabbata kin gama da jarabawoyin aiki na malamai, su CEAP da CAP gwargwadon matakinki, don wallahi na ga mata da yawa suna mafarkin masta alhali CAP ɗin da ke gabansu ba su zauna ba. Daga nan in shekarun aikinki sun cika sai kwankur, wato jarabawar gasa, na shiga ENS, babbar makarantar horon malamai da ke jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, can ne ake horar da konseye masu ba malamai shawara da ansifekta masu duba makarantu. Sharuɗɗan, shekara nawa na aiki, wane mataki, sanarwar kwankur ɗin ce ke faɗinsu, saboda haka ki je ansifeksiyo da ƙafarki ki karanta abin da anka liƙa, kada ki dogara da wai-wai na gurup ɗin WhatsApp. Ki lura da abu guda, in har yanzu ƴar kwantaragi ce ke ba ki samu lambar ma'aikata ba, ki fara tambaya ko kina cikin waɗanda sanarwar ta ba dama, kada ki sai da ƴan awakinki ki haɗa dosiye a maido miki shi.

Ta biyu ita ce jami'a kai tsaye tunda kina da bak: lisansi shekara 3, masta shekara 2 a bisa. Jami'armu ta nan Maradi, Dan Dicko Dankoulodo, an fi saninta da noma da kimiyya da aikin likita. In ilimin koyarwa kike so ki duba Tawa, jami'ar Djibo Hamani tana da tsangayar kimiyyar ilimi, ko kuma Yamai. Wannan hanya tana buɗe miki ƙofar ƙungiyoyi da furoje-furoje da makarantu masu zaman kansu, amma ban so ki ɗauka ranar da kinka kawo lisansi ranar za a miƙa miki makullin biro. Gwamnati tana da nata tsani, kuma takardar da kinka yi ba da izinin ma'aikata ba tana iya kwana cikin akwati ba ta ƙara miki ko dala a albashi ba. Ki nemi izini a rubuce kafin ki tahi. A rubuce na ce.

Sai abin da ya fi damuna, wanda ba ki tambaya ba amma sai na faɗa. Ke kin iya yara, shekara bakwai ba wasa ba. Abin da za ki je nema shi ne yadda ake riƙe manya, don shugabar jardan yara ba su ne wahalarta ba. Wahalarta malama ce da ta girme ta da shekara goma kuma ba ta son a gyara mata, da uban da ya zo yana hargagi don ɗansa ya yi wata uku bai iya rubuta sunansa ba, da kwamitin makaranta da kowa ke son a sayi abu wurin ƙanensa. Saboda haka duk makarantar da za ki shiga ki karɓi takardar darussansu ki duba: akwai yadda yaro ke girma daga haihuwa zuwa shekara shida, jiki da harshe da hankali? Akwai yadda ake shiga ajin wata malama a zamna a kalla sannan a yi mata gyara ba tare da an kunyata ta ba? Akwai kasafin kuɗi da dokokin makaranta? Akwai sitaj na gaske cikin jardan, ba a firamare ko kwaleji ba? Don wasu wuraren sunan ne kawai ilimi, ki shekara uku ana yi miki zancen ƴan sakandare, ba a taɓa ambaton yaro ɗan shekara huɗu ba ko sau ɗaya. In hakan ta kama ki, to ki sa memwar ɗinki, binciken da za ki rubuta na gama karatu, ya zama kan jardan, ke ki jawo karatun zuwa inda kike so.

Bari in ba ki wani abu da na gani da idona lokacin ina zagayen makarantu. Na je wani jardan a wani gari, ba zan faɗi suna ba, direktiris ɗin tana da takardu har an yi musu gilashi an rataye a bango, ta tarbe ni da lemu mai sanyi, rajistarta tsaf ba ko kuskure ɗaya. Na ce mu leƙa aji. Yara sun kai sittin bisa tabarma biyu, malama tana tsaye da tsumagiya tana a, b, c suna amsawa kamar ƴan amshin shata, randar ruwa a buɗe da moɗa ɗaya a ƙasa cikin rairai, ƙofar gidan kuma ko sakata babu, ga kabu-kabu na wucewa a guje. Can gefe na hangi wata ƴar yarinya ta jingina da bango ba ta amsawa, gashinta ya yi ja ya yi laushi, na duƙa na danna bayan ƙafarta da babban yatsa, na ɗauke, wurin ya zauna rami bai taso ba. Na ce ma direktiris yaushe yarinyar nan ta fara haka, ta ce ai ita dama shiru-shiru ce. Ba shiru-shiru ba ce, tamowa ce mai kumburi, ranar munka kai ta asibiti. Matar nan ba muguwa ba ce, ba a taɓa koya mata ta kalli yaro ba, an koya mata ta kalli takarda. Tun daga ranar duk wadda na horar sai ta san igiyar awon dantse, wadda ake auna yara ƴan wata 6 zuwa 59 da ita: in ta nuna ja, ƙasa da santimita 11 da rabi, ba jira, asibiti. Igiyar nan ko nauyin cingam ba ta yi, amma sau nawa kinka gan ta a biro ɗin wata direktiris?

Kuma ba wanda ke garin nan na Maradi da ya manta watan Nuwamba na 2021, ranar da wuta ta kama azuzuwan zana ta ci yara fiye da 20, ƴan shekara biyar da shida, bayan irinta ta faru a Yamai cikin watan Afrilu na shekarar. Allah ya jiƙansu ya ba uwayensu haƙuri. Bayan nan ne gwamnati ta hana sa ƴan jardan cikin ajin zana. Shugabanci kenan ɗiyata, ki san ƙofa nawa ajinki ke da, wa ke riƙe ƙananan in an ce a fita, ina mai tuya take hura wutarta. In karatun da za ki bai taɓo wannan ba ki nemo shi da kanki wurin ƴan kwana-kwana, ba su ƙin zuwa in an gayyace su da mutunci.

Zancen an ce takardarki ba ta kai ba kuma, ki haɗiye. Wadda za a kawo ki taimake ta kamar yadda kinka taimaki ta yanzu, amma wannan karon ki riƙa aje kwafin duk abin da kinka yi, rahoton taro, tsarin aiki na shekara, horon da kinka yi wa sabbin malamai a CAPED, taron ƙara ma juna sani na malamai. Ranar kwankur ko ranar intabiyu su za su yi miki magana.

TAMBAYA TA BIYU

Salam Hajiya. Ni ina da makaranta tawa ta kuɗi, jardan da firamare, a wajen Ali Ɗan Tsoho. Na gani a Facebook wata jami'a ta waje tana bada masta na shugabancin makarantun yara ta intanet cikin wata tara, ba sai kaje ko ina ba, kuɗin ma ana biya kashi kashi. Ina so in biya ma matata ta yi don ita ke kula da ɓangaren yara. Ko kuma in kaita Katsina tunda kusa ne? Wanne yafi?
Wani mai makaranta

AMSA

Alhaji sannu da ƙoƙari, kuma Allah ya saka da alheri da ka yi tunanin ƙara ma iyalinka ilimi, ba kowa ba. Amma masta a wata tara? Ko ɗan akuya ne sai ya yi wata biyar a ciki, balle masta da tsarin da jami'o'inmu ke bi ya ce shekara biyu bayan lisansi. Ban ce duk karatun intanet ƙarya ne ba, akwai na gaske kuma yana taimakon matan aure ƙwarai da ba su iya barin gida. Ga yadda za ka gane. Ka tambaye su ko sai da lisansi ake shiga, in sunka ce a'a ko da bak ma ya isa, ka rufe wayarka. Ka tambaye su wace hukuma ta ƙasarsu ta amince da su, sannan kai ka je shafin hukumar ka duba da kanka, ba hoton takardar da za su turo maka ba. Ka duba ko CAMES, hukumar nan ta jami'o'in ƙasashen Afirka da ke da mazauni a Wagadugu, ta san da difloma ɗin. Sannan kafin ka biya ko tamma ka sa a tambayar maka a ma'aikatar ilimi mai zurfi ko za su ba ta daidaiton takarda, wato su amince takardar daidai take da ta nan gida, in ta gama. Na san wani bawan Allah da ya zuba kuɗin da ya isa gina aji guda da bulo, abin da ya samu takarda ce mai ruwan zinariya da ko maigadin ma'aikata bai yarda da ita ba.

Katsina kuwa ba laifi, ta Ɗan Isa da Jibiya ba nisa. A Najeriya kwalejojin horon malamai suna ba da NCE, takardar malanta, a shekara 3, kuma cikin fannoninsu akwai na renon yara da karatun ƙanana, daga nan mutum ya wuce digiri. Sai dai da Ingilishi ake yi, kuma suna da nasu sharuɗɗan shiga, ga kuma zancen daidaiton takarda in ta dawo, shi ma yana nan. In madam da Faransanci ta yi karatu, za ta ci shekara guda tana kokawa da harshe kafin ta fara kokawa da darasi.

Amma Alhaji tsakanina da kai, tunda makarantar taka ce ba wanda zai tambayi madam takarda kafin ta zauna kujera, abin da kake buƙata iyawa ce. Da ni ce kai sai in raba kuɗin biyu, rabi ta yi karatun gaske a hankali, rabi in kawo ƙwararriyar konseye ta zo ta yi sati biyu cikin azuzuwanku lokacin bakansi da bayan rantire, ta horar da duka malaman. Don in madam kaɗai ta sani, ranar da ta tahi haihuwa jardan ya koma gidan jiya. Ka kuma duba albashin malaman nan, na san dai ba ka tambaye ni wannan ba.

TAMBAYA TA UKU

Inna ni saurayi ne na samu bak bana, ina son harkar yara sosai ni ke koya ma ƙannena karatu, amma abokaina na min dariya wai jardan aikin mata ne.
Ɗanki daga Tasawa

AMSA

Ɗana, wanda ya ƙirƙiro jardan ɗin kansa namiji ne, wani Bajamushe Friedrich Fröbel, shi ya raɗa mai sunan lambun yara a 1840, sunan da Faransawa sunka juya zuwa harshensu har ya iso gare mu muna cewa jardan. Kuma wa ya koya maka alif da ba kana ɗan shekara huɗu, ba malam ba ne a tsangaya? Ka shiga. Abu guda zan gaya maka, kada don kai namiji ne a ɗauke ka a aza bisa kujerar shugaba ba ka taɓa share ma yaro hanci ba, hakan na faruwa kuma matan da sunka shekara goma a aji suna gani suna shiru, amma ba su mantawa. Ka yi shekarunka bisa tabarma tukuna. Abokan naka kuma ka bar su, nan da shekara kaɗan su za su zo suna roƙon ka samar ma ɗiyansu wuri.

TAMBAYA TA HUƊU

Ina kwana Inna. An bani riƙon wani jardan na al'umma a wani ƙauye cikin Madarumfa, a horon da anka yi muna an ce mu yi da Hausa da waƙa da wasa, amma uwaye sun ce su ba su kawo ɗiyansu don tatsuniya ba, in ba Faransanci za su ji ba gara su tahi kiwo. Har an fara janye yara. Ko in na ƙaro karatu za su fi jin maganata?
Ƙanwarki daga Madarumfa

AMSA

Lahiya lau ƙanwata. A'a, difloma ba za ta sa su ji maganarki ba, mutanen ƙauye ba takarda suke karantawa ba, ɗansu suke karantawa in ya dawo gida. Karatun ki yi shi don kanki in hali ya samu, zai ba ki hujja a bakinki, amma matsalar ta wannan wata ce ba ta shekara uku masu zuwa ba.

Abin da anka koya muku daidai ne, kuma ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, tun 1973 anka fara gwajin makarantar Hausa da Faransanci a Damagaram, ga shi kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance. Yaron da ya iya ƙirga da ba da labari da tambaya cikin harshen uwarsa, in ya shiga CI, ajin farko na firamare, Faransancin zama yake samu a bisa wani abu. Wanda anka sa shi haddar bonjur madam kawai, aku ne, in kin juya tambayar ya tsaya yana kallonki. Amma kada ki je ki yi ma uwaye lacca da wannan, su ma suna da gaskiyarsu, sun ga wanda ya ji Faransanci shi ke samun aiki.

Ga abin da na taɓa yi ya yi aiki. Ki je wurin maigari da liman tukuna, ki gaishe su yadda ya kamata, ki roƙi su zo. Ki samu shugabar ƙungiyar uwaye mata ki jawo ta jikinki, ita ce rediyon garin. Ki sa rana, ba ranar kasuwa ba, ki shimfiɗa tabarmi a inuwa uwaye su zamna. Ki zuba ƴaƴan gyaɗa ko marufan kwalba a faifai, ki kira yaro ki ce ya raba ma abokansa uku daidai wa daida ya faɗi nawa ya rage, da Hausa, sannan ya ƙirga su da Faransanci har goma. Ki kira wata ta ba da tatsuniyar gizo daga farko har ƙurunƙus ba ta ɓata ba, wani ya nuna harafin farko na sunansa a allo, a rufe da waƙa guda ta Faransanci don ran uwaye ya yi sanyi. Ki zaɓi ɗan wanda ya fi kowa surutun janye yara, in yana cikin waɗanda sunka rage, shi za ki fara kira. Ki dafa ko ɗan shayi ne ma dattawa, in kwamiti ba shi da kuɗi ki ce Inna ta ce a ranta. Ki rubuto min bayan taron in ji yara nawa sunka dawo.